Faɗuwar Wani Tashin Wani: Yadda Ake Gadon Zaurukan Wasa A Broadway

Ran Lahadi, 16 ga watan Afrilu na shekarar 2023, aka ja labule a karo na ƙarshe kan wasan The Phantom of the Opera a gidan wasa na Majestic da ke birnin New York na ƙasar Amurka, bayan an nuna shi sau 13,981 cikin shekara 35. Ba a taɓa yin wasan da ya daɗe kamarsa ba a unguwar gidajen wasan kwaikwayo da ake kira Broadway. Wajen mutum miliyan 20 ne suka kalle shi a wannan zaure kaɗai, kuma kuɗin tikitin da aka tara ya haura dala miliyan 1,300. To amma tun kafin ma'aikata su kwance katafariyar fitilar adon nan da akan sako daga rufi a tsakiyar wasan, hankalin masu harkar ya riga ya koma kan wata tambaya dabam, watau wane wasa ne zai gaji zauren.

Wannan tambaya ita ce abincin yau da kullum a Broadway. Da wuya mako ya wuce ba a ji ƙishin-ƙishin cewa wasa kaza ya kusa tattara nasa ya nasa ba, wasa kaza kuma yana laɓe a bakin ƙofa. Wanda ya ji daga nesa sai ya ɗauka hirar 'yan kallo ce kurum, irin wadda akan yi kan 'yan ƙwallo. Alhali kuwa lissafi ne na haya da jari da riba, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman rumfa a babbar kasuwa, ya tarar da kowace da mai ita, zai gane shi ba tare da dogon bayani ba.

Irin wasan da ake magana a kai shi ne wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake haɗa labari da waƙa da kiɗa da rawa, 'yan wasa da makaɗa suna yi a gaban jama'a kai tsaye, sau takwas a kowane mako. Ya sha bamban da fim ta fuskar kasuwanci. Shi fim da zarar an kammala shi, an gama kashe mafi yawan kuɗinsa, sai dai a yi ta nunawa. Shi kuwa wasan dandamali kullum sabo ne wajen cin kuɗi: kowane dare sai an biya ɗan wasa da makaɗi da mai fitila da mai ɗinkin sutura da mai tsaron ƙofa, ko zaure ya cika ko bai cika ba.

Gidaje 41, masu nema ba iyaka

Tushen al'amarin shi ne ƙarancin zauruka. Gidajen da ake lissafa su a matsayin na Broadway 41 ne, kowannensu yana da kujeru 500 ko fiye, kuma kusan dukkansu suna cikin 'yan tituna kaɗan da ke kewaye da dandalin Times Square. Mafi yawansu an gina su ne tun kafin 1930. Bayan an rushe gidajen Morosco da Helen Hayes a 1982 don gina wani katafaren otal, lamarin da ya jawo zanga-zangar 'yan wasa, hukumar birnin ta sanya da yawa daga cikin sauran cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rusa ko a sauya musu fasali yadda aka ga dama. Ta haka aka tsirar da su. Sai dai fili a tsakiyar Manhattan ya yi tsadar da ba kasafai wani ke tunanin gina sabo ba, don haka adadin ya tsaya kusan wuri ɗaya.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da 33 daga cikin gidajen nan. Kamfanin Shubert yana da 17, ciki har da Majestic da Winter Garden. Kamfanin Nederlander yana da 9. Kamfanin ATG na Ingila kuma ya zama mai 7 bayan da ya haɗe da kamfanin Jujamcyn a 2023. Ragowar suna hannun wasu ƙungiyoyi da ba don riba suke aiki ba, da kamfanin Disney, da wani ƙaramin gida mai zaman kansa.

Ko a cikin 41 ɗin ma ba kowane ne ya dace da babban wasan waƙa ba, domin sai zaure mai faɗin dandamali, da ramin makaɗa, da kujeru da yawan da za su iya fitar da kuɗi. Mafi kyawunsu kuwa wasu sun daɗe da yin kaka-gida a ciki. Wasan Chicago yana gudana a Broadway tun 1996, The Lion King tun 1997, Wicked yana gidan Gershwin, wanda ya fi kowane girma, tun 2003, Hamilton kuma yana gidan Richard Rodgers tun 2015. Saboda haka a kowace shekara manyan zaurukan da ke sauya hannu ba su taka kara sun karya ba, masu shirya wasa kuwa da suka riga suka tara miliyoyin daloli suna jere a layi. Mai wasan da ba shi da zaure tamkar fatake ne da suka iso da kaya kasuwa ta cika, ga kuɗin dako yana hawa, ga ba wurin saukewa.

Abin da ke ƙara rura wutar hasashen shi ne ba a ɓoye ciniki. Ƙungiyar masu gidaje da masu shirya wasa, wadda ake kira Broadway League, tana buga alƙaluman kowane wasa a duk mako: nawa aka samu, kujeru nawa aka cike, nawa ne matsakaicin kuɗin tikiti. Ba sana'o'i da yawa ne ke shanya littafin cinikinsu a bainar jama'a haka ba. Abin da ba a bugawa shi ne kuɗin da wasa ke ci a mako, amma waɗanda suka san harkar suna iya kintata shi daga yawan 'yan wasa da makaɗa da nauyin kayan dandamali. Da an ga ciniki ya yi makonni yana ƙasa da abin da ake zaton wasan yana ci, ko an ga tikitinsa ya zama ɗan gida a rumfar TKTS ta Times Square inda ake sayar da tikitin ranar da ragin da kan kai rabi, sai maganganu su fara yawo. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Shi kansa Phantom wannan lissafi ne ya kayar da shi. An kawo shi New York a watan Janairu na 1988 da jarin dala miliyan 8, ya kuma mayar wa masu jarinsa ninkin-ba-ninkin. Amma wasa ne mai nauyin gaske, da makaɗa 27 da ma'aikata fiye da 100 a kowane dare. Annobar korona ta sa an rufe Broadway baki ɗaya daga ran 12 ga watan Maris na 2020, shi kuma Phantom bai dawo ba sai a watan Oktoba na 2021. Da ya dawo sai ya tarar da abu biyu. Na farko, baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda kafin annobar su ne wajen kashi 65 cikin 100 na 'yan kallon Broadway, kuma su ne ƙashin bayan tsofaffin wasanni irinsa, ba su dawo yadda suke ba. Na biyu, tsadar kaya da ta aiki ta haura. Mai shirya wasan, Cameron Mackintosh, ya bayyana cewa kuɗin gudanar da shi ya kusa dala 950,000 a mako, alhali a wasu makonnin na 2022 cinikin bai kai dala 900,000 ba. Wasan da ya tara fiye da dala miliyan 1,300 ya wayi gari yana cin uwar kuɗi.

Wani abin mamaki, ko da yake waɗanda suka daɗe a harkar ba su yi mamaki ba, shi ne abin da ya biyo bayan sanarwar rufewa a watan Satumba na 2022. An tsayar da ran 18 ga watan Fabrairu na 2023, sai jama'a suka yi dafifi wajen sayen tikiti har aka ɗage zuwa Afrilu, kuma a makonsa na ƙarshe wasan ya tara sama da dala miliyan 3.7, abin da bai taɓa samu ba a tarihinsa. An ga irin wannan a 2000 lokacin da aka ɗage rufe wasan Cats daga Yuni zuwa Satumba, an kuma sake gani a 2003 da aka ɗage na Les Misérables daga Maris zuwa Mayu. Kayan da aka san kullum suna nan, mai saye yakan ce sai wani jiƙon; ranar da aka ce sun kusa ƙarewa, ranar farashi ke tashi. Shi ya sa ranar da za a ba da sanarwar rufewa ita kanta shawara ce ta kasuwanci da ake auna ta da kyau, kuma shi ya sa masu shirya wasa ke ƙin jita-jita. Raɗe-raɗin da ba a tabbatar ba yana tsorata masu sayen tikitin watanni masu zuwa, ba ya kuma kawo cunkoson ban-kwana.

Sharaɗin tashi

Ba kowane wasa ne ke samun gatan zaɓen ranar tafiyarsa ba. A yarjejeniyar haya tsakanin mai gida da mai wasa, mai gida yakan karɓi kuɗin ma'aikatan zaure da sauran hidimomi, sannan ya ɗauki wani kaso na cinikin mako, wanda galibi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan ribarsa tana tafiya da yawan ciniki, ba ruwansa da ko masu jari sun fita. A cikin yarjejeniyar kuma akwai wani sharaɗi da za a iya kiransa sharaɗin tashi: idan cinikin wasa ya faɗi ƙasa da wani adadi da aka amince da shi har mako biyu a jere, mai gida yana da ikon ba shi takardar sallama. Sau da yawa ba a amfani da wannan iko, musamman in babu wanda ya fi shi a bakin ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma in babu ƙadangaren, tsagar takan zauna abinta ba wanda ya kula.

Babu inda wannan ya fito fili kamar gidan Winter Garden, kuma tarihinsa na shekarun baya-bayan nan ya isa darasi. Wasan Cats ya zauna a cikinsa daga 1982 zuwa 2000. Mamma Mia! ya gaje shi a 2001, ya yi shekara 12, sannan aka mayar da shi ƙaramin gida don a ba wasan Rocky wuri, wanda aka buɗe a watan Maris na 2014 ya kuma mutu a watan Agusta na wannan shekara. Daga baya School of Rock ya riƙe zauren daga ƙarshen 2015 zuwa Janairu na 2019.

Sai aka zo kan Beetlejuice, wasan barkwanci da aka ɗauko daga wani fim na 1988, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 21. An buɗe shi a watan Afrilu na 2019 da ƙafar hagu. Masu sharhi ba su yaba sosai ba, ciniki ya yi sanyi, kuma a watan Mayu ya faɗi ƙasa da adadin da ke cikin yarjejeniya har mako biyu a jere. Bayan haka sai abin ya juya. Matasa suka ɗauki waƙoƙinsa suna yaɗawa a intanet, musamman a TikTok, zaure ya fara cika, ciniki ya haura dala miliyan 1 a mako, har ya kafa sabon tarihi a gidan a ƙarshen watan Nuwamba.

To amma tun a watan Maris na wannan shekara an riga an ba da sanarwar cewa shahararren ɗan fim Hugh Jackman zai fito a tsohon wasan nan The Music Man a ƙarshen 2020, a ɗaya daga cikin gidajen Shubert da ba a faɗi sunansa ba. Wannan gurbi da aka bari a cikin sanarwar shi ne ya hana mutane barci wata da watanni. Aka yi ta jera manyan gidajen Shubert ana duba wanne ne mazauninsa ya fi rauni. A watan Disamba na 2019 amsa ta fito: kamfanin Shubert ya yi amfani da sharaɗin tashi, bisa hujjar makonni biyun nan na Mayu, ya ba Beetlejuice wa'adin ran 6 ga watan Yuni na 2020. Wasan da ke cika zaure aka ce ya fita, saboda laifin da ya yi wata bakwai da suka wuce.

'Yan kallo sun yi ta Allah wadai, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Amma ta fuskar mai gida lissafin ba shi da wuya. Beetlejuice yana kawo dala miliyan 1 da 'yan kai a mako, The Music Man kuwa da aka buɗe shi a watan Fabrairu na 2022, bayan jinkirin annoba, ya riƙa haura dala miliyan 3 a makonni da dama. Wanda ke cin kaso daga ciniki bai buƙatar a zana masa. Abin da za a iya cewa a kan kamfanin shi ne ya nuna wa duk mai shirya wasa cewa farfaɗowa ba ta goge sharaɗin da aka riga aka karya, kuma wannan yana sa mai jari ya ƙara ɗari-ɗari da wasan da ke buƙatar lokaci kafin jama'a su gane shi.

Annobar ce ma ta rufe Beetlejuice tun a watan Maris na 2020, kafin wa'adin ya cika. Ya dawo a wani gida, Marquis, a watan Afrilu na 2022, ya rufe a Janairu na 2023. The Music Man shi ma ya rufe a wannan wata, domin darajarsa tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, kuma da Jackman ya gama nasa sai aka tashi. Back to the Future ya shiga Winter Garden a tsakiyar 2023 da jarin dala miliyan 23.5, ya fita a Janairu na 2025 bai mayar da uwar kuɗi ba. Wanda ya gaje shi ba ma wasan waƙa ba ne. Wasan zance ne mai suna Good Night, and Good Luck, wanda George Clooney ya fito a ciki na 'yan makonni, aka kashe masa dala miliyan 9.5, ya mayar da ita cikin kimanin wata biyu, ya kuma zama wasan zance na farko da ya haura dala miliyan 4 a mako guda. Zauren da wasa biyu kacal suka riƙe shi fiye da shekara 30, ya sauya hannu sau da dama cikin shekara 12 da suka biyo baya.

Wa ke ɗaukar asara

A kan takarda Broadway ta warke. A kakar 2018 zuwa 2019 an sayar da tikiti na dala miliyan 1,830, a kakar 2024 zuwa 2025 kuma an kai wajen dala miliyan 1,890, da 'yan kallo kusan miliyan 14.7, matsakaicin tikiti kuma kimanin dala 129. Sai dai in aka cire hauhawar farashi na shekaru shida da ke tsakani, kuɗin bai kai na da ba, kuma wani kaso mai tsoka ya fito ne daga 'yan wasanni ƙalilan masu manyan taurari. A wasan Othello na 2025, inda Denzel Washington ya fito, an sayar da kujera ɗaya har dala 921.

Sababbin wasannin waƙa kuwa suna cikin wani hali. Tun da can an saba cewa wajen ɗaya cikin biyar ne kan mayar da jari. A watan Satumba na 2025 jaridar New York Times ta ƙirga sababbin wasannin waƙa 46 da aka buɗe tun bayan annobar, waɗanda suka ci kimanin dala miliyan 800, ta kuma tarar uku ne kacal suka kai ga riba a lokacin: MJ, da Six, da & Juliet. Wannan kuwa duk da rangwamen haraji da gwamnatin jihar New York ta fito da shi a 2021, wanda kan kai dala miliyan 3 ga wasa guda.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. A ɗauka, don misali kawai, an kashe dala miliyan 20 kafin a buɗe wasa, yana cin dala 900,000 a mako, yana kuma sayar da tikitin dala miliyan 1.1. Rarar mako dala 200,000 ce, tun ba a fitar da haƙƙin marubuta da mawaƙa ba. Ko da an miƙa ta duka ga masu jari, sai an yi mako 100, kusan shekara biyu, kafin su ga kuɗinsu, kuma da sharaɗin ba a samu mako mara kyau ko ɗaya ba. Alhali watan Janairu da Fabrairu, lokacin sanyi bayan baƙin Kirsimeti sun watse, da kuma watan Satumba bayan an koma makaranta, kullum suna cinye abin da aka tara. Wicked an buɗe shi da dala miliyan 14, Hamilton da miliyan 12.5. A yanzu jarin dala miliyan 20 zuwa 25 ba ya ba kowa mamaki.

Wannan yanayi na shekara shi ya sa hasashen ma yake da kaka. Wasanni sukan rufe a farkon Janairu, bayan sun kwashi cinikin bukukuwa, zaurukansu kuma su tafi ga waɗanda ke gaggawar buɗewa kafin ƙarshen Afrilu don su shiga takarar lambar yabo ta Tony da ake bayarwa a watan Yuni. Bayan bikin kuma, waɗanda suka dogara da lambar ba su samu ba sukan ba da sanarwa cikin 'yan kwanaki, wani layin ya matso.

Shi Majestic da aka yi ta tababa a kansa, kamfanin Shubert bai yi gaggawa ba. Ya rufe shi ya yi masa gyara na fiye da shekara ɗaya da rabi, abin da ba a samu damar yi ba muddin Phantom yana ciki. A watan Mayu na 2024 aka sanar da magajin: Gypsy, tsohon wasa na 1959, da Audra McDonald, mai lambar Tony shida, a kan gaba. Aka buɗe shi ran 19 ga watan Disamba na 2024, masu sharhi suka yaba, amma bai samu Tony ko ɗaya ba a watan Yuni, kuma ran 17 ga watan Agusta na 2025 ya rufe bai mayar da jarinsa ba. Mai shekara 35 ya bar wa mai wata takwas gado.

Nijeriya ma ta taɓa shiga wannan layi. Wasan Fela!, kan rayuwa da kiɗan marigayi Fela Anikulapo-Kuti, an buɗe shi a gidan Eugene O'Neill ran 23 ga watan Nuwamba na 2009, da Jay-Z da Will Smith cikin masu ɗaukar nauyinsa. Ya ci lambar Tony uku a 2010, ya rufe ran 2 ga watan Janairu na 2011, watau daidai kakar rufewa, sannan aka kawo shi Legas a watan Afrilu na wannan shekara. Ba a yi wata uku ba The Book of Mormon ya buɗe a zauren da ya bari, ya mayar da jarinsa cikin wata tara, ya kuma zauna a wurin fiye da shekara 14. Irin wannan sa'a ce kowane mai gida ke hange idan yana duba layin da ke bakin ƙofarsa, kuma ba wanda ya san wanne ne a cikinsu kafin a buɗe.

Akwai kuma waɗanda ba su da hannu a cinikin amma a kansu abin ke ƙarewa. An ƙiyasta cewa Phantom ya samar wa mutum 6,500 aiki a tsawon zamansa a New York, wasu makaɗansa ma tun ranar farko suke ciki. Ga irin waɗannan, dogon wasa shi ne abin da ya fi kusa da aikin albashi a wannan sana'a. Sanarwar rufewa kuwa takan zo da wa'adin da bai wuce mako guda ko 'yan makonni ba. Idan babban wasan waƙa ya fita, wasan zance mai tauraro ɗaya ya shiga na mako 14 ko 16, mai gida bai yi asarar komai ba, amma makaɗa da 'yan rawa ba su da gurbi a ciki. A watan Oktoba na 2025 sai da ƙungiyar 'yan wasa da ta makaɗa suka yi barazanar yajin aiki kan albashi da kuɗin kula da lafiya kafin a daidaita da masu shirya wasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa: ma'aikaci yana zaune a ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a duniya, mai jari kuma yana ganin duk ƙarin da aka yi yana nisanta ranar da zai ga kuɗinsa.

A birnin Landan, inda Phantom ya samo asali a 1986, abin ya ɗauki wata hanya. A can manyan masu shirya wasa su ne kuma masu gidaje: Andrew Lloyd Webber, wanda ya tsara kiɗan wasan, yana da nasa zaurukan, Mackintosh kuma yana da takwas. Kuɗin shirya wasa ya fi sauƙi ƙwarai, gwamnati kuma tana ba da rangwamen haraji mai kauri. Da aka sake buɗe Phantom a can a 2021, sai aka rage makaɗa daga 27 zuwa 14, aka sauƙaƙa kayan dandamali, abin da ya ɓata wa makaɗa da tsofaffin masoyan wasan rai, amma wasan ya ci gaba da gudana. A New York ba a bi wannan hanya ba, aka bar shi da cikakkun makaɗansa har ranar ƙarshe.

Lloyd Webber dai bai ji daɗin 2023 a Amurka ba. Sabon wasansa, Bad Cinderella, ya rufe ran 4 ga watan Yuni, mako bakwai bayan Phantom, kuma a karo na farko tun 1979 aka wayi gari babu wasansa ko ɗaya a Broadway. A 2025 aka dawo da labarin Phantom birnin da sabon suna, Masquerade, a wani gini da ke titi na 57 wanda ba ya cikin gidaje 41 ɗin nan, inda 'yan kallo ke bin 'yan wasa daga ɗaki zuwa ɗaki. A Winter Garden kuwa, bayan Clooney ya tafi, wanda aka ba zauren a watan Agusta na 2025 shi ne Mamma Mia!, wasan da aka fitar daga cikinsa a 2013, a wannan karo bisa yarjejeniyar wata shida.